Inci uku na memori fom: abin da na gani cikin shekara biyu

Ni tela ne. Shekara goma sha tara ke nan ina zaman keken ɗinki a Fagge, kuma duk wanda ya san wannan sana'a ya san inda take cin mutum: ƙugu, kafaɗa da wuya. Na daɗe ina ɗora laifin ciwon bayana a kan keke kawai, musamman lokacin ɗinkin sallah da muke raba dare a shago. Abin da ya fara sa ni shakka shi ne lokacin da ciwon yake fi tsanani. Da yamma, bayan na wuni ina taka keke, bayan yana ciwo amma ina iya harkokina. Da asuba kuwa, bayan na kwana ina hutawa, sai na dafa bango kafin in miƙe tsaye, ruku'u ma sai na yi shi a hankali. In na taka zuwa masallaci na dawo, sai in ji ya sake ni. Ashe hutun ne yake ƙara mini ciwo.

Katifarmu ita ce wadda aka kawo uwargida da ita cikin kayan ɗaki, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. A ido tana nan da kyanta, domin zanin gado yana rufe komai. Wata Juma'a na yaye zanin, na ɗauko wani miƙaƙƙen katako da nake shimfiɗa yadi a kai, na gitta shi a kan katifar daga wannan gefe zuwa wancan. A daidai inda ƙuguna yake sauka, yatsuna uku suka shige tsakanin katakon da katifar ba tare da sun taɓa komai ba. Uwargida tana tsaye tana kallo, ta ce, "Malam, ai na daɗe da sani. Ɗaga ka gani." Na ɗaga, sai ga tsohon bargo a ninke da ta cusa a ƙarƙashin ramin tun bara.

Daren nan na koma ƙasa, na shimfiɗa tabarma da darduma. Haka iyayenmu suke cewa, mai ciwon baya ya kwana a ƙasa. Kuma gaskiya ƙugun ya yi sauƙi cikin kwana huɗu ko biyar. Sai dai ni mai kwanciya ta gefe ne, kuma ƙasa ba ta lotsawa. Kafaɗata ta dama ta riƙa mutuwa cikin dare, in farka hannuna ya yi nauyi kamar ba nawa ba, ƙashin kwankwasona kuma yana zafi inda yake dannar siminti. Mako biyu na yi a haka kafin na tafi Asibitin Ƙashi na Dala.

An ɗauki hoton bayan, likita ya ce ba a ga wani abin tashin hankali ba, ya tura ni sashen gashin ƙashi. Wanda ya duba ni a can shi ne ya fara warware mini maganar katifa. Na ce masa zan je in sayi mafi tauri a kasuwa, irin wadda ake kira otofedik. Ya ce in dakata. Ya ce katifa aiki biyu take yi: ta riƙe ƙashin baya a miƙe kada ya lanƙwashe, sannan ta ba wa kafaɗa da kwankwaso wuri su ɗan nutse kada nauyin jiki ya taru a kansu. Tsohuwar katifata ta kasa aikin farko, tabarma kuma ta kasa na biyu. Ya ambaci wani bincike da aka yi a Sifaniya, wanda daga baya ƙanena da ke karatu a Jami'ar Bayero ya nemo mini a waya. An buga shi a mujallar likitoci ta The Lancet a 2003. An raba wa mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya katifu, wasu masu tauri sosai, wasu masu matsakaicin tauri, aka bi su kwana 90. Waɗanda suka kwana a kan mai matsakaicin tauri sun fi samun sauƙi. Wannan ya saɓa wa abin da na taso ina ji, amma ya yi daidai da abin da kafaɗata ta gaya mini.

A bakinsa na fara jin sunan memori fom, wani irin soson katifa da yake lotsawa daidai da siffar jikin mutum. Bai ce in saya ba. Cewa ya yi akwai shi, in je in gwada da jikina.

Shagon farko da na shiga a Sabon Gari, yaron shagon ya nuna mini wata doguwar katifa, inci ashirin, an yi mata ɗinkin ado mai sheƙi. Ya ce, "Alhaji, wannan memori ce tun daga sama har ƙasa." Na danna tafin hannuna na ɗaga, ta dawo nan take kamar kowane soso. Ban san bambancin ba a lokacin, amma zuciyata ba ta kwanta ba, domin an ɗinke ta ruf, babu ta inda za ka leƙa cikinta. Tela ya san abin da ake iya ɓoyewa a bayan kyakkyawan ɗinki. Na yi godiya na fita.

A shago na uku na tarar da wani dattijo da ya daɗe a harkar soso. Bai fara da ciniki ba. Ya jawo wasu gutsattsari biyu daga ƙarƙashin teburinsa ya ajiye a gabana, ya ce in danna kowanne. Na farkon ya taso tare da hannuna. Na biyun kuwa, da na ɗaga hannu sai na ga sawun yatsuna biyar a kwance a jikinsa, har da zanen zoben azurfar da nake sawa, yana cikowa a hankali kamar ƙullun fanke yana tashi. Na ƙirga har huɗu kafin ya koma daidai. Ya ce in ɗora hannun in bar shi minti ɗaya. Da na yi haka sai na ji wurin yana ƙara laushi a ƙarƙashin tafina, alhali gefensa yana nan da taurinsa. Ya ce, "To ka gani, Malam. Ɗumin jikinka ne yake tausasa shi. Amfaninsa ke nan, matsalarsa ma ke nan. Za ka tuna da maganata a watan Afrilu."

Da dare ƙanena ya karanta mini asalin abin. A 1966 aka fara haɗa shi a Amurka, a wani aiki na hukumar binciken sararin samaniya ta NASA, kuma wani injiniya mai suna Charles Yost yana cikin waɗanda suka yi aikin. Kujerun jirgin sama aka yi shi domin su, saboda ya shanye jijjiga da bugu. Daga baya asibitoci suka ɗauke shi saboda majinyatan da suke daɗewa a kwance har jikinsu ya yi gyambo. Sai a 1991 wani kamfani a ƙasar Suwidin ya fitar da katifar gida da shi, wadda aka sani da sunan Tempur. Maganar asibitin ita ta fi shiga kaina, domin na yi jinyar mahaifina wata bakwai, na san yadda fatar kwankwaso take saɓulewa idan nauyi ya daɗe a wuri ɗaya.

Na koma wajen dattijon sau biyu kafin na sayi komai, kuma a nan na koyi abin da ya cece ni daga asara. Babu katifar kirki da ake yi da memori zalla. In aka yi ta haka, nutsewa za ka yi ta yi har ka kai ƙasa, bayanka ya lanƙwashe kamar a tsohuwar katifata. Memorin shimfiɗa ce a sama, inci biyu zuwa huɗu, a ƙarƙashinta kuma soso mai tauri ne yake ɗauke da mutum. Saboda haka tsayin katifa, wanda mu a nan muke alfahari da shi a ɗakin amarya, bai gaya maka komai ba. Tambayar ita ce inci nawa ne memorin, mene ne a ƙarƙashinsa, kuma nawa ne nauyinsa.

Nauyin nan shi ne masu shago suke kira dansiti, wato kilo nawa soso mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, kaurin mita ɗaya zai yi a kan sikeli. Memori ya fi soson da muka saba nauyi nesa ba kusa ba. Daga kilo 50 zuwa sama ake fara maganar mai ƙarko, wani yana kaiwa 80. Wanda bai kai ba yana da daɗin taɓawa a shago, amma da wuri yake mutuwa. Ni da awo muka saba, don haka na zauna da biro. Gadonmu shida da shida ne, wato kusan mita 1.83 kowane gefe. Inci uku kuma wajen santimita 7.6 ne. In ka lissafa, kusan rubu'in wancan soson mai mita ɗaya ta kowace fuska ke nan. Idan da gaske dansitinsa 50 ne, dole shimfiɗar ta yi kusan kilo 13. Rubutun da ke jikin leda kowa yana iya buga shi, sikeli kuwa ba ya kara.

Sai gwajin kwanciya. Na ji nauyin yin hakan, magidanci ya miƙe a kan katifa a bakin kasuwa mutane suna wucewa. Dattijon ya ce wanda zai sayi takalmi ai sai ya sa ƙafa. Ya sa aka shimfiɗa ta a can ciki, na cire hula na kwanta ta gefen da na saba, na yi wajen minti goma sha biyar, domin memori ba ya nuna halinsa a minti ɗaya. Ƙanena ya tsuguna a bayana yana duba ko ƙashin bayana ya miƙe daga wuya zuwa ƙugu. A kan mai inci huɗu mai laushi, ya ce ƙuguna ya zurma. A kan mai inci biyu, ni da kaina na ji kafaɗata tana taɓa taurin ƙasa. Inci uku ne ya yi mini daidai. Da na juya rigingine, na gwada zura hannu a ƙarƙashin ƙuguna, sai na ji soson ya cike wurin, hannun bai samu hanya ba.

Hanya biyu ce a gabana. Ko in sayi katifa guda da aka manne memorin a samanta tun daga kamfani, ko in sayi katifa mai tauri daban, in sayi shimfiɗar memori daban in ɗora. Ta farkon ta fi kyan gani, kuma kuɗinta ya kusa ninka na katifar da aka saba sau uku. Uwargida ce ta raba gardamar da na kai mata labari. Ta ce, "Malam, in yaro ya yi fitsari a kai fa? In zafi ya zo fa? Abin da ba a iya ɗagawa a fitar, ni ba na son sa a ɗakina." Na bi shawararta. Na jira kwasar adashina na watan Nuwamba, na sayi katifa mai tauri inci takwas ta kamfanin gida, da shimfiɗar memori inci uku mai riga da zif. Kafin in biya na zuge zif ɗin na ga cikinta da idona, sannan muka ɗora ta a sikelin mai sayar da shinkafa da ke maƙwabtaka da shagon. Ta yi kilo 13 da ɗoriya, har da rigarta.

Katifar a kurkura aka kawo ta. Shimfiɗar kuwa a naɗe take cikin leda, an zuƙe mata iska, har na rungumo ta a adaidaita sahu. Da almakashi na yanka ledar a hankali kada in huda soson. Ta yi wani huci, ta fara buɗewa a tsakar ɗaki, yara suka zagaye ta suna ihu. Da farko kaurinta bai wuce na bargo biyu ba, kusurwoyin a murɗe. Sai washegari da yamma ta cika inci ukunta. Warin ne ban yi tsammani ba, wani wari kamar na sabon fenti da roba, mai hawa kai. Muka bar ta a falo, tagogi a buɗe, kwana uku, kafin ya lafa. Cikin kwanakin na kira kafinta ya duba gadon. Katakan da ke ƙarƙashi sun yi nisa da juna, har tafin hannu biyu yana shiga tsakaninsu, kuma wannan yana cikin abin da ya kashe tsohuwar katifar. Ya ƙara wasu, tazarar ta dawo ba ta wuce yatsu huɗu ba. Ledar da ke jikin sabuwar katifar ma na yage ta gaba ɗaya. Na san gidaje da yawa da ake barin ledar shekara da shekaru don kada katifa ta yi datti, ana kwana cikin zufa da ƙarar leda. Soso yana buƙatar iska.

Makon farko ban ji daɗinta ba, kuma gara in faɗa. In na kwanta sai in ji kamar na taka laka, ta kama ni ta riƙe. Juyi cikin dare ya zama aiki, sai na farka na yunƙura, domin ramin da jikina ya yi bai cika da wuri ba. Ga shi hunturu ya shigo. Daren da sanyi ya sauka sosai, in ka hau ta sai ka ji ta kamar allo, sai bayan wasu mintuna ɗumin jiki ya ratsa ta sannan ta karɓe ka. Na fara tunanin na zubar da kuɗin adashi. Wajen kwana na goma ne na lura da wani abu: na tashi kiran sallar farko, na sauko, na yi alwala, sai a masallaci na tuna ban dafa bango ba. Hannuna ma bai mutu ba. Juyin da nake kuka da shi ashe ya ragu ne, saboda babu inda yake danna ni da zai sa in juya.

Akwai wani amfanin da ban saya don shi ba. A lokacin uwargida tana goyo, tana tashi sau uku ko huɗu a dare. A tsohuwar katifa, duk motsinta sai ya girgiza ni. A wannan kuwa sai ta sauka ta dawo ban sani ba, motsin yana mutuwa a inda aka yi shi. Amma jaririyar ba mu taɓa kwantar da ita a kai ba, kuma wannan ina roƙon iyaye mata su riƙe shi da kyau. Shimfiɗa mai lotsawa haɗari ce ga jariri, domin in ya kifa fuskarsa tana iya nutsewa ta toshe masa numfashi, shi kuma ba shi da ƙarfin ɗagowa. Mun yi mata 'yar katifarta mai tauri a gefen gado.

Sai Afrilu ya zo, na tuna da dattijo. Wanda ya san bazarar Kano ya san yadda rana take haura digiri 40, bango ya kwana yana fitar da zafi. Memori yana rungumar jiki, kuma duk inda ya runguma iska ba ta ratsawa. In akwai wuta, fanka tana kaɗawa, ana iya jurewa. In aka ɗauke wuta, cikin rabin awa bayana ya jiƙe sharkaf, soson kuma ya ƙara laushi har ƙuguna ya fara zurmawa fiye da yadda ya kamata. Na ɗinka mata riga ta farin yadin auduga mai kauri, ya rage amma bai magance ba. Na tambaya game da irin wanda ake zuba wa wani sinadari mai sanyi, mai launin shuɗi. Wani abokin sana'ata da yake da shi ya ce da farkon kwanciya akwai sanyi, zuwa tsakar dare duk ɗaya ne. Ranar da abin ya ishe ni, muka naɗe shimfiɗar muka ɗaure da igiya muka jingine a bayan ƙofa. Mako biyar tana nan, muna kwana a kan mai taurin ko a tsakar gida, har ruwan farko ya sauka. Kafaɗar ta ɗan dawo da ƙorafinta a makonnin, amma na yi barci. Da katifa guda na saya, da ban san yadda zan yi ba.

Fitsarin da uwargida ta hango ma ya zo. Ɗanmu na uku ya lallaɓo cikin dare ya kwanta a ƙafafunmu, da safe muka tarar da aika-aika. Muka yi abin da muka saba yi wa kowace katifa: aka zuba ruwa da sabulu a wurin, aka kinkime ta zuwa rana. Kuskure biyu ke nan. Memori yana shan ruwa ya riƙe, ya yi nauyi, kuma in ya jiƙe ba shi da ƙarfi. Wajen ɗagawa kusurwa ɗaya ta yage kusan tsawon tafin hannu. Ranar kuma ta mayar da gefen da ta buga ruwan ɗorawa, ya ɗan yi garas-garas. Cikinta bai bushe ba sai da ta kwana biyu a inuwa fanka tana bugunta. Yanzu akwai zanin da ba ya ɗaukar ruwa a ƙarƙashin zanin gado, irin mai auduga a sama. In wani abu ya zuba, tsumma ake dannawa a tsotse shi, ba a cuɗawa, ba a kai ta rana. In an manne ta da ta ƙasa, ba a kifa ta kamar yadda ake kifa katifa, amma ana juya ta kai ya koma ƙafa. Ni duk wata uku nake yi.

Hajiyarmu ta zo ta yi mana mako guda, muka ba ta gadon don girmamawa. Kwana ɗaya ta yi ta ce a mayar da ita ɗakin yara. Ta ce, "Ɗan nan, wannan abin naka ba ya sakin mutum." Gwiwoyinta ba su da ƙarfi, in ta zauna a bakin gadon sai gefen ya lotsa, ta rasa abin da za ta dogara da shi ta miƙe. Shi ya sa in aka tambaye ni a shago, ba kowa nake ce wa ya saya ba. Tsoho mai wahalar tashi, mai kwanciya rub da ciki, da wanda ɗakinsa ba ya samun iska ko kaɗan, ina ganin kuɗinsu ya fi amfani a katifa mai matsakaicin tauri mai nauyin kirki. Mai kwanciya ta gefe irina, wanda kafaɗa ko kwankwaso ke damu, shi ne zai ci moriyarta sosai.

Ciwon bayan bai tafi gaba ɗaya ba, kuma ba zan ba wa katifa ladan da ba nata ba. Ina yin motsa jikin da aka koya mini a Dala, na sauya kujerar keke, kuma ina tashi in miƙe duk bayan rabin awa ko da aiki ya yi yawa. Abin da shimfiɗar ta yi mini shi ne ta daina ɓata da dare abin da na gyara da rana. In na raba kuɗinta a kan dararen da na yi a kanta, ko da na cire makonnin bazara, bai kai abin da nake kashewa a man zafi da ƙwayoyin ciwon jiki a da ba.

Juma'ar da ta wuce ta cika shekara biyu. Na yaye zanin gado, na bar ta awa ɗaya ta huce daga ɗumin jiki, na ɗauko katakon nan na gitta a daidai inda ƙuguna yake sauka. Na gwada zura ɗan yatsana ƙarami a ƙarƙashi, farcen ne kawai ya shiga. Yagewar kusurwar tana nan inda na kama ta da zare, ba ta ƙaru ba. Uwargida ta kama gefe ɗaya na kama ɗaya, muka juya ta kai ya koma ƙafa, ta mayar da zanin.